Shata ko Ɗan Anace: Tsohuwar Muhawara a Sabuwar Tasha

Da yawa daga cikinmu sun fara mayar da labaransu zuwa bidiyo, kuma tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin matasanmu, daga majalisun Gidan Dare har zuwa sauran unguwannin Sakkwato: in an buɗe tasha a YouTube, a zuba komai ne don a kama kowa, ko a tsaya kan abu guda? Muna ganin wannan muhawara ta girmi intanet nesa ba kusa ba, domin makaɗanmu sun sha ta tun kafin a haifi iyayenmu.

A ƙasar Hausa kiɗa ya daɗe da rabuwa gida-gida. Akwai makaɗan fada, akwai na noma, akwai na maza masu zuga 'yan dambe da 'yan kokawa. Ibrahim Narambaɗa ya tsaya a fada, musamman ta Sarkin Gobir na Isa. Ɗan Anace ya riƙe fagen dambe, har ya zama ba a ambaton Shago sai an tuno da shi. Mutanen da suka fara sauraron waɗannan makaɗa ba su da yawa in aka kwatanta da jama'ar ƙasa, amma sun san abin da suka zo ji, kuma gobe ma za su dawo. Shi kuwa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da soja. Kowa nasa ne. Sai dai a nan ne mutane ke ruɗuwa. Abin da ya haɗa waɗannan waƙoƙi duka shi ne muryar Shata da kalangunsa, kuma ya yi shekaru yana yawo gari-gari kafin sunansa kaɗai ya isa tara jama'a. Mai sabuwar tasha ba shi da wannan suna tukuna.

In muka duba waɗanda suka yi nasarar kama kowa tun ranar farko, za mu tarar hukuma ce ko babban kamfani. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, tana ɗauke da labaran duniya, wasiƙun masu karatu da sanarwar gwamnati, amma da kuɗin gwamnati a bayanta. Arewa24 da ta fara aiki a 2014 tana da wasan kwaikwayo irin Daɗin Kowa, tana da shirin girki da na waƙa, domin tana da ma'aikata da awanni ashirin da huɗu da za ta cike. Ɗalibi mai waya ɗaya, wanda ke lissafin kuɗin data kafin ya ɗora bidiyo, in ya ce zai kwaikwayi wannan, ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Tarihin fim ɗin Hausa ma ya nuna haka. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwa ta cika da finafinan soyayya masu rawa da waƙa. Marigayi Rabilu Musa Ibro bai shiga wannan tsere ba, ya riƙe barkwanci, abin da 'yan kasuwa suka riƙa kira camama, ana yi da kuɗi kaɗan, 'yan boko suna yi masa kallon raini. Har ya rasu a Disamban 2014 masu sayen kaset ɗinsa sun san abin da suka biya. Amma akwai ɗaci a cikin wannan nasara, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba: wanda jama'a suka sani da abu guda, da wuya su bar shi ya yi wani. Ɗan wasan barkwanci in ya fito yana kuka, dariya za a yi.

Da kasuwar CD ta durƙushe, 'yan fim suka koma YouTube, sai lamarin ya ƙara fitowa fili. Izzar So da Lawan Ahmad ya fara sakewa a tashar Bakori TV a 2020 ya tara jama'a ne da labari ɗaya mai dogon zango, ana jiransa mako-mako. Dalilin yana cikin yadda manhajar take aiki. Tana lura da wanda ya kalli bidiyo da tsawon lokacin da ya zauna a kai, sannan ta kai shi gaban masu irin wannan sha'awa. In mutanen da suka zo maka don labarin aljanu suka ga girki yau, siyasa gobe, ba za su taɓa ba, ita kuma manhajar sai ta rage nuna ka. Ga kuma sharaɗin da YouTube ta sa tun 2018 na mabiya 1,000 da awanni 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai. Masu dawowa ne ke cika waɗannan awanni.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne damben nan na Ɗan Anace. Tashar Dambe Warriors, wadda wasu matasa 'yan kudu suka buɗe, ba ta nuna komai sai dambe, kuma ta kai shi gaban masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa ko kaɗan. Abin yana gabanmu shekara da shekaru, mu muna ganinsa kayan ƙauye.

Mu da ke Sakkwato muna zaune kan irin waɗannan abubuwa. Akwai Sakkwatanci kansa, wanda finafinan Kano ba su cika amfani da shi ba sai in za a ba da dariya. Akwai tarihin Hubbare da Wurno da Alkalawa, akwai aikin majema da dukawa, akwai 'Yan Tarun Nana Asma'u. Kowanne a cikinsu zai ɗauki marubuci shekara guda yana rubutawa yana ɗauka bai ƙare ba, kuma yawancin dattawan da za su ba da bayanin ana iya zuwa wurinsu da kuɗin kabu-kabu.