Kafur: Daga Dazuzzukan Sumatra zuwa Akwatin Tufafi

Kalmar kafur ta shigo Hausa ta bakin Larabawa, su kuma asalinta daga harshen Malay ta iso musu, inda kapur ke nufin alli, saboda farin da wannan abu ke da shi. Wanda ya fi daraja a zamanin da shi ne na tashar Barus, a gaɓar yammacin tsibirin Sumatra, wadda Larabawa suka sani da Fansur. Daskararre ake tarar da shi a tsagar wasu dogayen itatuwan Sumatra da Borneo, kuma sai an sare itacen an faskara shi kafin a san ko yana ɗauke da shi, galibi kuwa a tarar babu komai. Wannan wahala ce ta tsadar da shi, har Marco Polo ya ruwaito cewa ana auna na Fansur da zinariya, nauyi da nauyi.

Musulunci ya ba kafur matsayi na daban. An ambace shi a aya ta 5 ta Suratul Insan cikin abin shan 'yan Aljanna, kuma hadisin Ummu Aɗiyya ya nuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a sa shi a wankan ƙarshe na gawar 'yarsa, abin da masu wankan gawa ke bi har yau. Duk da haka ba kowa ya san shi ba a lokacin, domin malamin tarihi Ɗabari ya kawo cewa da aka ci birnin Mada'in a shekarar 637, wasu mayaƙa sun zaci gishiri ne suka zuba a ƙullin gurasa, sai ɗaci ya fahimtar da su. Likitoci irin su Ibn Sina sun lissafa shi cikin magunguna masu sanyi da bushewa, suna ba da shi ga haɓo da ciwon kai na zafi.

A Sin da Japan wani itace ne daban ake sassarawa a turara, tururin ya huce ya bar ƙanƙarar kafur da mai mai ƙamshi, wanda farinsa ke shiga man shafawa na mura da ciwon gaɓoɓi. Da aka gano amfanin kafur wajen haɗa robar da ake yin fim da ita a da, Japan, wadda ta karɓe Taiwan a 1895, ta mayar da cinikinsa na gwamnati kaɗai a 1899, kuma 'yan asalin duwatsun tsibirin ne suka biya kuɗin wannan riba da dazuzzukansu da rayukansu. A 1903 Gustaf Komppa na Finland ya haɗa kafur a ɗakin gwaji, daga baya masana'antu suka karya farashinsa.

Abin damuwa shi ne, yawancin fararen ƙwallayen da ake sayarwa da sunan kafur a kasuwannin ƙasar Hausa, ana jefawa a akwatin tufafi, naftalin ne, wato sinadarin da ake samu daga kwalta da man fetur. Sunan ya gaji amincin da aka yi wa na asali, har ana ajiye kayan jarirai da shi, alhali yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani. Ko kafur na gaske ma, idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi, yana iya jefa shi cikin jijjiga.