Samarin da Suka Ƙi Sauraron Bishop Crowther

'Yan'uwa matasa, idan aka ambaci taurin kai a majami'a, hankalinmu yakan tafi wurin Fir'auna, ko wurin wanda aka yi ta yi masa wa'azi ya ƙi tuba. Ba kasafai mukan tuna cewa mai azumi da addu'ar dare ma yana iya kamuwa da shi ba. Tarihin zuwan bishara ƙasarmu yana da irin wannan labari, a bakin kogin Kwara ya faru.

Samuel Ajayi Crowther Bayarabe ne. An kama shi bawa yana ɗan yaro a 1821, jirgin sojan ruwan Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, aka sauke shi a Saliyo. Can ya karɓi baftisma, ya yi karatu, daga baya ya zama fasto a ƙarƙashin mishan ta CMS. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da ya rubuta ƙamus na Hausa. A 1857 ya kafa aikin bishara a Anacha, a 1864 kuma aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ikkilisiyar Angilikan. Ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya yi rubutu a kan harshen Nufe, ya sha zuwa Bidda gaban Etsu Masaba. Ya san yadda ake zama da sarki Musulmi a faɗi gaskiyar Almasihu ba tare da zagi ba.

A 1890, lokacin yana da shekara kusan 80, sai ga wasu samari daga Ingila sun sauka Lakwaja. Jagororinsu su ne Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da J. A. Robinson. Burinsu su kai bishara ƙasar Hausa, wato wurinmu. Kada mu yi musu rashin adalci: ba kuɗi suka zo nema ba. Sun sa riga da rawani, sun duƙufa koyon Hausa, sun san zazzaɓin kogin ya kashe Turawa da yawa kafin su, duk da haka suka zo. A shirye suke su mutu saboda Yesu.

Abin da ba su shirya yi ba shi ne sauraro. Suna isowa suka yanke hukunci cewa ikkilisiyoyin da tsohon ya kafa matattu ne, ma'aikatansa kuwa 'yan duniya ne. Akwai gaskiya a cikin wasu ƙorafinsu, don an sami ma'aikata da suka bar aiki suka koma ciniki, an sami waɗanda suka fāɗi cikin zunubi a fili, shi kuwa bishop mutum ne mai jinkirin hukunci. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A Lakwaja suka shiga share sunayen masu bi daga littafin ikkilisiya, suna hana su Jibin Ubangiji. Mutumin da ya yi shekara 49 yana hawa da saukar wannan kogi yana nan da rai, ba su ga dalilin zama a gabansa su koyi wani abu ba.

Abin ya kai maƙura a watan Agusta 1890, a taron kwamiti a Anacha. Sakataren mishan, F. N. Eden, wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da na samarin, ya dakatar da fastoci 'yan Afirka a gaban bishop ɗin da ya naɗa su, har da ɗansa na cikinsa, Dandeson Crowther. Tsohon ya ce wannan ba hurumin sakatare ba ne. Ba a ji shi ba. Sai ya sauka daga shugabancin kwamitin.

Mu tsaya a nan kaɗan, don nan ne abin ya shafe mu. Mashayi ya san yana buƙatar tuba. Amma wanda ya tabbata cewa Allah na tare da shi, ta ina gyara zai shige shi? Duk wanda ya ba shi shawara, sai ya ɗauka wancan ne ya yi sanyi a ruhaniya. A gaskiya akwai raini na launin fata a cikin abin da aka yi wa Crowther, ba za mu ɓoye wannan ba. Sai dai su a ganinsu tsarki suke karewa, shi ya sa lamirinsu bai dame su ba. Mun san wannan hali a zumuntarmu. Mukan dawo daga taron farkawa da wuta a zuciya, mu dubi dattawan da suka gina majami'ar da tubalin ƙasa, mu ce ba su da Ruhu. Wani lokaci abin da muka gani gaskiya ne. Rehobowam ma, a 1 Sarakuna 12, ya nemi shawarar dattawa har ya ji ta, amma zuciyarsa tana wurin tsaransa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891. Bishop Crowther ya sami shanyewar jiki, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Brooke ya bi su a watan Maris 1892, bai taka Kano ba. A shekarar nan ikkilisiyoyin yankin Bonny suka ware daga hannun CMS suka riƙe kansu a ƙarƙashin Dandeson. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, 'yan Afirka kuwa aka tsayar da su a matsayin mataimakan bishop har kusan shekara 60. Sai a 1900 ne Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka isa Kano, inda Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki.

A 2014, wurin bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Akbishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Canterbury, inda aka ɗora wa tsohon hannu, ya amsa a gaban jama'a cewa ikkilisiyarsu ta ci amanar bawan Allah, ya kira ranar ta godiya da tuba. Shekara 124 ke nan bayan taron Anacha.