Daren da Rundunar Rasha Ta Buɗe wa Masunta Wuta

A Anka, Bukkuyum da Gummi, in muka ji ƙarar jirgin yaƙi a sama, murna da fargaba ne suke haɗuwa a zuciya. Muna son zuwansa, don ɓarayin daji sun ishe mu. Amma mun ji abin da ya faru a Tungar Kara a Janairun 2025, inda bam ya faɗa kan 'yan sa-kai da suka fito bin sawun mahara. Masunta ma ba su tsira ba. A Satumbar 2021 rahotanni suka ce hari daga sama ya kashe aƙalla 20 a Kwatar Daban Masara, bakin Tafkin Chadi.

Irin wannan kuskure ya girmi jirgin sama na yaƙi. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, Rasha na yaƙi da Japan. Sai ta tayar da rundunar jiragen ruwanta daga Tekun Baltik, ƙarƙashin Admiral Rozhestvensky, za su zagaya duniya su kai ɗauki. Tun kafin su yi nisa jita-jita ta cika su, wai ƙananan jiragen Japan na yi musu kwanton ɓauna. Japan kuwa tana can bangon duniya.

Daren 21 ga Oktoba, a Dogger Bank da ke Tekun Arewa, suka hango fitilu cikin duhu. Masunta ne daga garin Hull na Ingila, sun zuba taru. Ba tambaya, aka buɗe wuta. Jirgin su mai suna Crane ya nutse, mutum biyu suka mutu nan take, na uku ya cika daga baya. Ruɗewar ta kai har suka harbi nasu jirgin, Aurora, suka yi sanadin ajalin limamin cocinsa. Sannan suka wuce abinsu, ba su tsaya ceton kowa ba.

Ingila ta harzuƙa, saura ƙiris a gwabza. Aka kafa kwamitin manyan hafsoshin ruwa na ƙasashe biyar a birnin Paris, masunta suka je da ƙafarsu suka ba da shaida. A Fabrairun 1905 kwamitin ya bayyana cewa babu jirgin abokan gaba ko ɗaya a wurin, kuma harbin ba shi da hujja. Rasha ta biya diyyar sama da fam 60,000. Gaskiya ba tausayi ne ya sa ta biya ba. Masuntan suna da gwamnati mai manyan bindigogi a bayansu.

Duk da haka, wata huɗu kacal aka yi tsakanin harbi da hukunci, kuma a bainar jama'a aka karanta shi. A Hull har yau akwai mutum-mutumin tunawa da su, an rubuta sunayen mamatan uku a jikinsa. Masuntan Daban Masara kuwa, da "aƙalla 20" muka san su.