Yadda Gadin Manya Ya Riga Tsaron Jama'a a Aikin 'Yan Sanda

Aikin ɗan sanda a Najeriya da gadin mai mulki ya soma. A 1861 Turawan Ingila suka kafa rundunar mutum 30 a Legas don tsaron ƙaramin jakadansu, kuma ita ce tushen rundunar yau. A ƙasar Hausa kuwa dogarai sun daɗe suna tsaron sarki da fada, su ne kuma masu kama mai laifi, kafin En'e ta kafa 'yan doka. An haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu a 1930, aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya a zamanin Gowon, amma tunanin cewa ɗan sanda alamar girman ubangidansa ne bai gushe ba. Mulkin farar hula sai ya ƙara yawan masu neman wannan alama: gwamnoni, 'yan majalisa, attajirai, har da iyalansu.

Shi ya sa umarnin janye 'yan sandan rakiya yake ta maimaituwa ba tare da ya zauna ba. Shugaba Buhari ya ba da shi a 2015, Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sake a 2018, Mohammed Adamu ya ƙara a 2020. A 2018 ɗin ne shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, Mike Okiro, ya ce sama da jami'ai 150,000 suna tare da manyan mutane da waɗanda ba su cancanta ba. A watan Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ya sake ba da umarnin, ya ce mai son rakiya ya nemi jami'an Sibil Difens. Umarnin baki yakan shuɗe da wanda ya bayar, mai neman alfarma kuwa yana nan daram.

Mutanen unguwar Mando da ke Kaduna sun san abin da ƙarancin jami'ai ke jawowa. A ranar 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka a yankin Mando, kusa da makarantar horar da hafsoshin soja, kuma hanyar Birnin Gwari da ta tashi daga Mando ta yi shekaru tana hannun masu garkuwa da mutane. Wasu za su ce ai manyan ma ana farautarsu, kuma gaskiya ne: a Yulin 2014 bom ya tashi kusa da ayarin Buhari a Kawo, maƙwabciyar Mando, a ranar da aka kai wa Sheikh Dahiru Bauchi irin wannan hari. Sai dai wannan hujja ce ta a kare wanda ke cikin haɗari, ba ta ba ɗan sanda riƙon jaka da buɗe ƙofar mota ba. Mayar da aikin ga Sibil Difens ma sauya kaki ne kawai, muddin su ma za a ɗebe su daga wuraren da suke tsaro.

Abin da ya rage shi ne rubutacciyar doka wadda za ta fayyace muƙaman da suka cancanci rakiya, da adadin jami'an kowane muƙami, da wa'adin da za a sake duba barazanar, a kuma riƙa bayyana alƙaluman ga majalisa. Idan babu ita, duk wanda aka janye yau zai koma gidan ubangidansa da zarar ƙura ta lafa.