Sir John Houblon (1632–1712)

Sir John Houblon attajirin ɗan kasuwa ne na birnin Landan, kuma shi ne gwamnan farko na Bankin Ingila, daga 1694 zuwa 1697. An haife shi a watan Maris na 1632, ya rasu a Janairun 1712.

Asalin gidansu birnin Lille ne, wanda yau yake cikin Faransa amma a wancan zamani yana hannun sarkin Sifen. Kakanninsa Kiristoci ne 'yan Furotesta masu jin Faransanci, waɗanda ake lissafawa cikin 'yan Huguenot. Sun yi hijira zuwa Ingila a ƙarni na 16 saboda azabar da ake gana wa masu aƙidarsu. Mahaifinsa, James Houblon, babban ɗan kasuwa ne, kuma yawancin 'ya'yansa maza sun gaje shi a sana'a, suna fatauci ta teku zuwa Fotugal da Sifen da gaɓar Bahar Rum.

John bai tsaya ga ciniki kaɗai ba. A 1689 ya zama Sharif na Landan, aka kuma ba shi lambar girma ta Sir. A 1695 aka zaɓe shi Magajin Garin Landan, yana kuma cikin hukumar kula da rundunar sojan ruwa daga 1694 zuwa 1699.

Yaƙi ne ya haifi bankin da ya shugabanta. Sarki William na III yana gwabzawa da Faransa, baitulmali ya ƙafe, masu kuɗi kuwa ba su manta yadda Charles na II ya dakatar da biyan bashi a 1672 ba. Sai aka karɓi shawarar William Paterson, ɗan Sikotlan: jama'a su haɗa fam miliyan 1.2 su ranta wa gwamnati da ruwan kashi 8 cikin ɗari a shekara, su kuma a ba su izinin kafa banki. Kuɗin ya cika cikin ƙasa da mako biyu. Houblon ya zuba fam 10,000, kuma 'yan'uwansa James da Abraham sun shiga cikin daraktoci. Da wuya a ce zaɓensa gwamna sa'a ce kawai, domin sabon banki ba shi da abin jingina da ya wuce sunan mutanen da kasuwa ta yarda da amanarsu.

An gwada wannan amana a watan Mayun 1696. Gwamnati ta janye tsofaffin kuɗin azurfa da aka gutsuttsure bakinsu, sababbi kuma ba su wadata ba. Masu riƙe da takardun bankin suka yi cincirindo suna neman tsabar kuɗi, bankin ya kasa biyan kowa gaba ɗaya. Houblon ya lallashi taron, aka biya wani kaso nan take, saura aka yi alkawari. Darajar takardun ta faɗi na ɗan lokaci, amma bankin bai rushe ba.

Abraham ma ya riƙe kujerar gwamna daga 1703 zuwa 1705. A 1734 bankin ya tare a filin da gidan Sir John yake a titin Threadneedle, inda yake har yau. Hoton Sir John ya hau takardar fam 50 a 1994, shekarar da bankin ya cika shekara 300, aka daina karɓarta a watan Afrilun 2014.