Tarihin Mako: Libarbar Dala Miliyan 1.84

A 2018 an yi gwanjon wata tsohuwar libarba ƙirar Colt Walker a Amurka, aka saye ta dala miliyan 1.84. Shin ta ci kuɗinta?

Mu koma 1847, ana tsakiyar yaƙin Amurka da Meziko. Samuel Colt ya karye, kamfaninsa ya rufe tun 1842, sai ga Kyaftin Samuel Walker da odar bindigogi dubu na sojan doki. Guda 1,100 kacal aka ƙera. Kowace nauyinta kilo biyu, kuma da dama sun fashe a hannun sojoji saboda yawan albarushi. Shi kansa Walker an kashe shi a Huamantla cikin Oktoban shekarar.

A ganinmu, in don harbi ne, libarbar yau mai araha ta fi ta nesa ba kusa ba. Ƙaranci ne ya ja kuɗin: wannan tana cikin guda 100 da aka ware wa farar hula, ga ta cikin akwatinta na asali. Da wuya mai ita ya yarda ya harba ta ko sau ɗaya.