Fada biyu da suka ratsa Fazzan suna neman ikilisiyar da ba su taɓa gani ba

Matafiyin da ya sauka a Sabha yau, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, zai tarar da motocin da ke kwasar 'yan ci-rani daga Agadas, hancinsu duk a arewa. Shekara ɗari uku da suka wuce wasu Turawa biyu sun ratsa wannan ƙasa hancinsu a kudu. Ba fatake ba ne. Limaman ɗarikar Katolika ne na ƙungiyar Faransiskan: Fada Carlo Maria, mutumin Genoa ta Italiya, da Fada Severino, mutumin Silesiya.

Jita-jita ce ta taso su. Tun wajen 1700 labari yake isa Roma daga Tarabulus, ta bakin fatake da mahajjata, cewa can bayan Barno akwai wata ƙasa mai suna Kwararrafa wadda mutanenta ke girmama gicciye. Aka ɗauka ragowar Kiristocin dā ne da suka yanke da 'yan'uwansu, ba limami ba mai koyarwa. Mu a ƙasar Hausa da wata fuska muka san Kwararrafa, fuskar mayaƙan da suka addabi Kano da Katsina a ƙarni na 17, waɗanda Mai Ali na Barno ya karya har Ɗan Marina na Katsina ya yi masa waƙar yabo da Larabci. Amma a zamanin Fafaroma Clement na 11, ofishin yaɗa bishara da aka kafa a Roma a 1622 ya ɗauki maganar da gaske. Aka naɗa shugaban mishan na Barno tun ba a san hanyar Barnon ba. Na farko, Fada Damiano, ya gwada ta Masar, abin ya faskara. Sai nauyin ya faɗo kan Carlo Maria.

Sun bar Tarabulus a 1710. A nan karatun haƙuri ya fara, domin a Sahara ba mai tafiya ke sa rana ba. Ayari ke sa ta, ayari kuwa na madugu ne. Sai an tara raƙuma, an daidaita da masu rakiya, an ji labarin rijiyoyin gaba, an tabbatar da wace kabila ke cikin sulhu da wacce. Baƙo ya zauna a inuwar dabino ya jira, guzurinsa na ƙarewa yana kallo. In ya matsa, a ƙara masa kuɗin raƙumi. In ya yi fushi, a yi masa dariya. Mutumin da ya saba da ƙararrawar majami'a mai raba masa yini sa'a-sa'a, ga shi a inda "gobe" ke iya zama wata biyu.

Fazzan a lokacin tana hannun gidan sarautar Awlad Muhammad, fadarsu a Murzuk, kudu da Sabha. Sabha kuwa zango ce a kan hanyar da ta sauko daga teku, ba ta zama babban birnin yankin ba sai a ƙarni na 20. Wannan gida yana da tsohuwar alaƙa da mu: duk lokacin da Turkawan Tarabulus suka matsa musu, kudu sarakunansu kan gudo, har Katsina. Ke nan sunan Katsina ba baƙo ba ne a kasuwar Murzuk, inda ake sauke fatu da tufafi da, kada mu ɓoye, bayin da aka koro ta cikin rairayi. Wataƙila cikin irin waɗannan bayi ne aka fara jin sunan Kwararrafa a bakin teku.

Niyyarsu Barno ce, amma hanyar ba ta da lafiya saboda mahara. Suka karkata yamma zuwa Agadas. Can ma ƙofar Barno ba ta buɗe ba, sai suka bi wani ayari da ya nufi Katsina. Kowane zango yana ƙara nisanta su da wurin da aka aike su, amma ba su juya ba. Don mai karatu ya auna: Heinrich Barth, wanda ya bi kusan wannan hanya da goyon bayan gwamnatin Ingila, ya bar Tarabulus a watan Maris 1850, bai ga ganuwar Katsina ba sai Janairun 1851. Su waɗannan biyun ba su da gwamnati a bayansu, kuma tasu tafiyar ta ci kimanin shekara guda.

Abin da ya faru a Katsina daga bakin mutum ɗaya aka ji shi, wani falke Musulmi da ake kira Alhaji Milad, wanda ya yi tafiyar tare da su ya koma Tarabulus ya shaida wa limaman can a 1712. Ya ce ciwo ya kama su, ya ɗora laifin a kan ruwan ƙasar. Carlo Maria ya fara cikawa. Sarki ya sa aka kwashe kayansa, Severino ya je ya yi ƙorafi bai samu komai ba, shi ma bai daɗe ba ya bi ɗan'uwansa. Watan Agusta ne na 1711, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ba ya tambayar addinin kowa. Yawancin abokan tafiyarsu ma a nan suka kwanta dama.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Waɗannan sun dafa, ba su sha ba. Ba su kai Barno ba, ba su ga Kwararrafa ba, kuma ikilisiyar da suka ƙetare hamada dominta ba a taɓa samun ta yadda aka siffanta musu ba. A ganina kuskuren na Roma ne, da ta gina mishan a kan labarin kasuwa. Amma ya kamata a ba falken nan nasa: ya yi tafiyar watanni da mutanen da ba addininsu ɗaya ba, kuma ya ɗauki nauyin kai labarin rasuwarsu ga 'yan'uwansu. Ba don shi ba, da masanin tarihi Richard Gray, wanda ya tono takardun Roma ya buga bincikensa a 1967, bai samu ƙarshen labarin ba.

A watan Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan jihar, bishop na farko. Shekara 312 ke nan bayan an binne Carlo Maria da Severino a ƙasar.